Yadda Ake Taimakon Dattijon da Ba a Sani Ba a Babban Birni

Mafi yawan masu wucewa da suka ga tsohuwa tsaye a bakin titi da jaka a hannu suna son su taimaka mata. Matsalar ita ce ba su san inda za su sa hannu ba. Wani zai zo da zuciya ɗaya ya cafke ta ta ƙarƙashin hammata, ya ja ta cikin titi da saurin ƙafarsa, ya sake ta a tsallake, ya wuce yana jin ya yi abin lada. Ita kuwa an bar ta da ciwon kafaɗa da faɗuwar gaba, wataƙila ma ba tsallakawa ta zo yi ba, wani take jira. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Taimakon dattijo a kan hanya yana da ƙa'ida kamar kowane aiki, kuma buƙatarsa ƙaruwa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko fiye, zuwa 2050 kuma yawansu zai kai biliyan 2.1. Da yawa daga cikinsu a manyan birane za su tsufa, inda 'ya'ya ke wurin aiki tun safe, maƙwabci bai san maƙwabci ba, kuma wanda ke kusa a lokacin da ƙafa ta gurɗe baƙo ne da ya fito harkar gabansa.

Kafin ka taɓa kowa

Ka zo ta gaba, inda zai gan ka. Yanar ido na dusashe gani, hawan jinin ido kuma yana cinye ganin gefe da gefe, ga kunne ya yi nauyi. Wanda ya ɓullo ta baya ya dafa kafaɗa zai firgita shi, kuma firgita kaɗai ta isa ta kayar da mai rauni a ƙafa. Ka tsaya taki ɗaya ko biyu daga gare shi, ka gaishe shi, sannan ka faɗi takamaiman abin da kake son yi. "Baba, tsallakawa za a yi? Ni ma can na nufa, mu je tare." Wannan ya fi "Ana buƙatar taimako?" nesa ba kusa ba, domin tambaya ta biyu tana sa mutum ya amsa cewa ya gaza, kuma dattijai da yawa sun gwammace su sha wahala da su faɗi haka ga yaron da ba su sani ba.

In ya ce a'a, to a'a ce. Kada ka nace, kada ka ji haushi. Abin da za ka iya yi shi ne ka rage tafiyarka ku tsallaka a jere ba tare da ka taɓa shi ba, domin direba ya fi saurin ganin mutum biyu.

Game da murya, kuskuren da kowa ke yi shi ne ihu. Fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai tsanani, kuma abin da tsufa ke fara ɗaukewa shi ne siririyar murya da sautuka irin su s, sh, f da t. Ihu yana ƙara wa murya siranta, yana kuma murɗe fuska har a kasa karanta leɓe. Ka yi ƙasa da muryarka ta yi kauri, ka ja maganar a hankali, ka fuskance shi, haske na kan fuskarka. In bai ji ba sau biyu, ka sauya kalmomin maimakon ka yi ta maimaita waɗanda ba su shiga ba. Mai na'urar ƙara ji ma yana wahala a bakin titi, saboda na'urar tana ƙara ƙarar motoci tare da taka muryar. Kuma kada ka yi masa magana irin ta lallashin yaro. Mutumin nan ya riƙe gida, ya yi sana'a shekara arba'in, gwiwarsa ce kawai ta gaji.

Tsallaka titi

A nan ne aka fi buƙatar baƙo, kuma dalilin lissafi ne. A Birtaniya, alal misali, an daɗe ana tsara lokacin fitilar masu tsallakawa bisa cewa mutum yana tafiyar mita 1.2 a sakan ɗaya. Wani bincike da aka yi a Kwalejin Jami'a ta Landan a 2012 ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka haura shekara 65 ba sa kai wannan saurin, matsakaicin tafiyar maza wajen mita 0.9 ne, na mata kuwa 0.8. Ɗauki titi mai faɗin mita 12. Fitila ta ba da sakan 10, tsohuwa na buƙatar 15. Sakan biyar ɗin nan a tsakiyar kwalta za ta yi su, motoci sun taso. Singafo ta gane haka, tun 2009 ta sa na'ura a wasu mararraba inda dattijo ke manna katinsa a ƙara masa lokaci. A yawancin birane babu wannan, sai dai mutumin da ke tsaye kusa.

Kada ku shiga a kan koren da kuka tarar yana ci. Ku jira ya mutu, sabo ya kama, ku tashi da shi tun daga farkonsa. Jiran minti ɗaya ne ko biyu, kuma shi ne mafi amfanin abin da za ka ba shi.

Hannu kuwa, kai ne za ka miƙa naka, shi ya riƙe. Ka lanƙwasa gwiwar hannunka ka manna ta a jikinka don ta yi ƙarfi kamar ƙarfen dafawa. Wanda ya riƙe ka yana da ikon saki, yana kuma jin motsinka kafin ya taka. Wanda ka riƙe kuwa ka ƙwace masa ma'aunin jikinsa. In yana da sanda, hannun sandar ba naka ba ne, kada ka taɓa shi ko kaɗan. Ana riƙe sanda ne a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa, don haka gefen da babu sanda shi ne gefen rauni, can za ka tsaya. In matsalar ta gani ce, ya kama ka saman gwiwar hannu kaɗan, ka riƙa gaba da shi da rabin taki, kana faɗa masa abin da ke tafe: "Akwai rami a dama", "Za mu sauka dakali". In ta ƙafa ce, ku jera kafaɗa da kafaɗa, ka bi takinsa. Hanyar gane ko ka yi sauri ita ce hannunka: in ka ji ana jansa baya, ka rage.

Ɗaya hannun ka ɗaga shi sama, tafin yana kallon motoci, ka nemi idon direba. Wani babban haɗari ga masu tsallaka titi mai layi biyu ko uku shi ne motar da ta tsaya muku da kirki a layin farko, domin ta rufe ku daga idon wanda ke tahowa a layi na biyu. Idan kun kai ƙarshen motar da ta tsaya, ku dakata, kai ka leƙa tukuna. Ka kuma lura da babura masu kurɗawa tsakanin layuka, da motocin da ke karya kwana, da masu aiki da lantarki waɗanda kusan ba a jin tahowarsu. In akwai tsibiri a tsakiyar titin, ku raba tsallakawar gida biyu, ku huta a can.

Idan fitila ta sauya kuna tsakiya, kada ka ce "Mu yi sauri", kada kuma ku juya baya. Juyawa da gaggawa su ne ke harɗe ƙafa. Ku ci gaba da takin da kuke yi, hannunka a sama. Da kun kai bakin dakali ka faɗa masa, ka tsaya ya hau da kansa, ku ƙara taki biyu ko uku ciki, ka bari shi ya fara sakin hannunka.

Kaya ma sai da tambaya. Ka karɓi mai nauyi, ka bar masa jakar da kuɗi da magani da makullai suke ciki, kuma ka riƙe abin da ka karɓa a gefen da idonsa ke kai. Wasu 'yar jakar da suke ja mai taya ita ce madogararsu, in ka karɓe ta ka karɓe sanda.

Matakala, bas da jirgin ƙasa

Masu gashin ƙashi suna koya wa marasa lafiya cewa lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Ka bar masa gefen ƙarfen dafawa. Kai kuma kullum ka kasance a ƙasa da shi: a bayansa in hawa ake, a gabansa da mataki ɗaya in sauka ake, jikinka a ɗan karkace kana kallonsa, hannunka ɗaya a kan ƙarfen. Faɗuwa ƙasa take yi, don haka can ake tare ta. Mai tabarau mai gilashi biyu yana ganin matakala a dushe, domin ƙasan gilashin na karatu ne. Mataki na ƙarshe shi aka fi kuskurewa, ka ce "Saura biyu, saura ɗaya, mun sauka." Matakala mai tafiya da kanta ba ta dace da mai sanda ko ƙarfen tafiya ba, a nemi lif ko da zagaye ne. In wani ya faɗi a kanta, akwai maɓallin tsayarwa, yawanci ja, a sama da ƙasa, shi za ka fara dannawa.

Ba da kujera tsohon al'amari ne da wasu birane suka mayar da shi tsari. Jiragen ƙasa na Japan sun ware wa dattijai kujeru tun 1973, hukumar sufuri ta Landan kuma ta fito da baji a 2017 mai roƙon a ba mai shi wurin zama. Amma yadda ake bayarwa yana da tasiri. Ka fara miƙewa, sannan ka yi magana: "Mama, ga wuri." In ka tambaya kana zaune, kunya za ta sa ta ce ba komai. Kujerar da ta fi ita ce ta kusa da ƙofa, ta bakin hanya, mai ɗan tsawo da ƙarfen kamawa a kusa. Wadda ke kan taya ko mai zurfi tana da wuyar tashi ga mai ciwon gwiwa.

Mafi yawan faɗuwa a cikin bas tana aukuwa ne a lokacin tashi da lokacin taka birki. Ka ɗaga murya ka ce wa direba ya dakata ta zauna, kai ba za ka ji nauyin faɗa ba, ita za ta ji. Wajen sauka ka ce ta zauna har motar ta tsaya cak, ka sanar da direba akwai mai sauka a hankali, ka riga ta sauka, ka miƙa mata damtsenka. A jirgin ƙasa ka nuna mata ratar da ke tsakanin jirgi da dakali, can sanda ke faɗawa. In kai ma a tsaye kake, ka zaɓi mutum ɗaya cikin na zaune ka roƙe shi a hankali. Jefa magana ga mota gaba ɗaya ba ya tayar da kowa, sai dai ya jawo cacar baki, kuma wani matashin da ke zaune yana da lalurar da ido ba ya gani.

Keken marasa lafiya kamar jikin mai shi yake, ba a tura shi sai da izini. Wajen hawa dakali, ka faɗa masa za ka ɗaga, ka taka ɗan ƙarfen da ke ƙasa ta baya, ƙananan tayoyin gaba su hau, sannan ka tura manyan. Wajen sauka, da baya ake sauka, manyan tayoyi su fara, in ba haka ba mutum zai zube ta gaba. Kada a ɗaga keke ta madafar hannu ko matakin ƙafa, domin yawancinsu cirewa ake yi, za su fita a hannunka. A kama gangar ƙarfen. Duk inda kuka tsaya ka ja birki biyun.

Layi, na'urori da kwatance

Dattijon da ke lalube a gaban mai karɓar kuɗi ya san akwai layi a bayansa, kuma tsakin da ake ja yana ƙara wa hannunsa rawa. Amosanin gaɓɓai yana hana yatsu tsintar ƙananan abubuwa, busasshiyar fata kuma ba ta kama gilashin da ake taɓawa da kyau. In kai ne a bayansa, ka ce "A hankali, Baba, ba sauri muke ba", ka ja baya kaɗan. Kamfanin manyan shaguna na Jumbo a Holan ya buɗe layi na musamman a 2019 don masu son biya a natse har su yi hira. Inda babu irin wannan, mutumin da ke baya ne ke yanke ko layin zai yi haƙuri.

A na'urar cirar kuɗi akwai iyaka. Ka karanta masa abin da ke rubuce, ka nuna maɓalli da yatsa, shi ya danna. Da an zo lambar sirri ka juya baya. Ko ya miƙo katin ya fara faɗa maka lambar, ka dakatar da shi, in banki a buɗe yake ka raka shi wurin ma'aikaci. Kai amintacce ne, amma in ya saba miƙa kati ga duk mai fara'a, na gaba ba lallai ya zama kai ba. In ka ga dattijo a gaban na'ura, waya a kunne, wani yana faɗa masa abin da zai danna, fuskarsa a tsorace, to da alama 'yan damfara ne. Ka ce masa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ya kashe ya kira ɗansa ko ya shiga banki da kansa.

Kwatance kuwa kada ya wuce karya kwana sau biyu a lokaci ɗaya, a haɗa da alamar da ido ke gani, a rubuta da manyan baƙaƙe in da takarda. "Nan kusa ne" ɗinka ba nasa ba ne: mita 400 ga mai tafiyar mita 0.8 a sakan ɗaya ya haura minti takwas, ban da hutu. Ka faɗa masa ko akwai hawa, ko gadar sama, ko wurin zama a hanya.

Idan ya faɗi

Faɗuwa ita ce ta biyu a duniya wajen kisa cikin raunukan da ba da gangan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Abin da jama'a ke yi da zarar tsoho ya faɗi, wato su rufu a kansa su ɗago shi tsaye, shi ne abin da bai kamata ba. Ƙashin tsufa yana da gautsi, fata ta yi laushi tana yagewa da ɗan riƙo, kafaɗa tana gocewa in an ja hannu, kuma in akwai karaya ɗagawa za ta ƙara ta.

Ka durƙusa daidai fuskarsa, ka ce kada ya motsa tukuna. In a kan titi ne, wani ya tsaya ya tare motoci. Ka tambaye shi inda ke ciwo, ko kansa ya bugu, ko ya tuna yadda ya faɗi. Wanda ya ce tuntuɓe ya yi daban yake da wanda ya ce duhu ya gani ko bai san me ya faru ba, na biyun yana iya zama zuciya ko jini ne ya sauka, kuma asibiti ya kamata ya je ko bai ji rauni ba. Ka dubi ƙafafu: in ɗaya ta gajarta, tafin ya juya waje, yana kukan kwatangwalo ko matsematsi, karayar ƙugu ce har sai likita ya ce ba ita ba. Ciwon wuya ko baya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, su ma ba a motsa mai su. A rufe shi da riga, a yi masa inuwa in rana ce, kada a ba shi ci ko sha domin wataƙila tiyata za a yi, a kira motar asibiti.

Tambaya ɗaya da mutane ba su san yi ba: "Ana shan maganin tsinka jini?" Dattijai da yawa suna shan irin su warfarin saboda zuciya. Ga mai shan sa, ɗan bugun kai yana iya jawo zubar jini a cikin ƙoƙon kai wanda ba zai nuna ba sai bayan sa'o'i ko kwanaki. Ko yana dariya yana cewa ba komai, a duba shi a asibiti a ranar.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan kuma yana son tashi, shi zai tashi, kai tallafi ne. A kawo kujera mai ƙarfi ko a nufi dakali. Ya mirgina gefe, ya huta, ya tashi bisa hannuwa da gwiwoyi, ya dafa kujerar da hannu biyu, ya kawo ƙafar da ta fi ƙarfi gaba ya kafa tafinta, ya yunƙura ya juya ya zauna. Kai kana riƙe da kujerar, ko hannunka na kan ƙugunsa don daidaita shi. In ya gwada ya kasa, a bari, a kira masu agaji. Bayan ya zauna ya yi mintuna kafin ya miƙe, saboda jini yakan sauka in an tashi farat ɗaya, jiri ya sake kayar da shi. Ka nemi lambar wani nasa ka kira, domin da yawa ba sa faɗa wa iyalinsu sun faɗi, suna tsoron a hana su fita.

Taro yana da nasa ciwon. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun nuna tun 1968 cewa yawan masu kallo yana sa kowa ya ɗauka wani zai yi. Maganinsa nuna mutum da yatsa: "Kai mai farar riga, kira motar asibiti, ka dawo ka faɗa mini." Wani ya tattara tabarau da sanda da jaka ya ajiye kusa da mai su. Sauran su ja baya, masu ɗaukar hoto da waya a roƙe su su bari. Ka san lambar gaggawa ta ƙasar da kake: 112 a Tarayyar Turai da ƙasashe da dama, 911 a Amurka, 999 a Birtaniya. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a danna tsakiyar ƙirji da hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har masu agaji su iso.

Idan ka ga ya ruɗe

Tsohon da ke tangaɗi ko magana ba kan gado akan ɗauka maye ne ko gigin tsufa a wuce shi. Abubuwa uku ne ya kamata ka fara kawarwa, domin duka suna kisa cikin sa'o'i.

Shanyewar ɓarin jiki ana gane ta da gwaji uku: ya yi murmushi ka ga ko baki ya karkace, ya ɗaga hannu biyu ka ga ko ɗaya na zamewa ƙasa, ya maimaita gajeriyar jimla ka ji ko harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya ya bayyana, a kira motar asibiti nan take, ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, saboda allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada a ba shi ruwa ko magani, haɗiya takan lalace ya ƙware.

Saukar suga ga mai ciwon suga tana zuwa da gumi, rawar jiki da ruɗewa, wani lokaci da faɗa. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi gram 15 zuwa 20 na suga, wato kamar ƙaramin cokali huɗu a ruwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara kuma a nemi asibiti. Wanda ya suma ba a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe.

Zafi kuwa ya fi cin tsofaffi saboda jikinsu ba ya jin ƙishirwa da wuri, ba ya gumi sosai, wasu kuma suna shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Zafin da aka yi a Shikago a 1995 ya kashe fiye da mutum 700, na Faransa a 2003 kimanin 15,000, akasarinsu tsofaffi, da yawa masu zaman kaɗaici a cikin birni. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa wuya da hammata da fuska, a yi fifita, ya kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. In jikin ya yi zafi rau kuma hankali ya gushe, wannan na motar asibiti ne, a ci gaba da sanyaya shi har ta zo.

In ba ɗaya cikin waɗannan, wataƙila cutar mantuwa ce, wadda fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita a duniya. Alamunta a kan hanya: tufafin da ba su dace da yanayi ba, takalmi ware-ware, kai da komo a wuri ɗaya, ko tsayawa a tasha motoci na wucewa ba ya shiga. Ruɗewar takan tsananta da yamma. Japan ta fara horar da talakawan gari kan wannan a 2005, darasin kamar awa ɗaya da rabi, aka riƙa ba wanda ya yi abin hannu mai launin ruwan lemo, kuma miliyoyi sun yi. Abin da ake koyarwa a irin wannan horo ba shi da wuya. Mutum ɗaya ya yi magana, ba taro ba. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, a jira amsa. Kada a yi masa jarrabawa da "Yau wace rana?" ko "Ba ka tuna ba?" In tsohuwa mai shekara 85 ta ce za ta je ɗauko yara daga makaranta, kada ka yi mata gardama, ka ce "To Mama, mu ɗan zauna tukuna, ya sunan yaran?" Sau da yawa daga nan sunan ɗa ko unguwa ke fitowa.

Ka nemi izini ku duba aljihu ko jaka tare, a gaban wani shaida: kati, takardar asibiti, abin wuya ko na hannu mai lamba, ko lambar da aka fi kira a wayarta. Kada ka sa ta a motarka ka nufi adireshin da ta faɗa, domin yana iya zama gidan da ta bari shekara talatin da suka wuce, kuma iyalinta suna nemanta a kusa da inda ta ɓace. Ku zauna a wuri mai haske da jama'a, kamar shago ko ofishin tasha, ka kira 'yan sanda, wataƙila an riga an kai musu rahoto. Wanda ya zo ɗaukarta, ka lura ko ta san shi, in kana shakka ka bar 'yan sanda su tantance. Kafin ka tafi ka faɗa wa wanda ya karɓe ta wurin da ka same ta da ƙarfe nawa, ko ta faɗi, abin da ta ci ko ta sha a hannunka, da inda ta ce za ta, domin gobe ma can za ta sake nufa.